INA LOKACIN TASHI DAGA AIKI YA TAFI?

Duk ma'aikacin da ya yi shekara bakwai ko takwas a kan mataki guda, ba gaba ba baya, idan ya kai kukansa wurin manya amsa ɗaya yakan komo da ita, watau ya je ya ƙaro karatu. Shugabansa a ofis haka zai ce masa, kawunsa a gida haka, har da abokin da suka yi firamare tare wanda yanzu Allah ya ɗaukaka. Shawara ce mai kyau, ba mai musun wannan. Amma a cikin shekara goma sha ɗaya da na yi ina aikin jarida a nan Ikko, ban taɓa jin wanda ya ba da ita ya ɗora da bayanin inda za a samo lokacin da za a yi karatun ba. Kuɗin makaranta akan yi maganarsu, a ce a shiga adashi ko a ci bashin ƙungiyar ma'aikata. Lokaci kuwa sai a yi shiru, sai ka ce abu ne da ake tsinta a bakin hanya.

Ni takardar da ke hannuna difloma ce ta koyon aikin jarida, wadda na samu bayan karatun shekara biyu. Da ita na shigo Ikko, da ita kuma nake ci da iyalina har yau da na ba shekara talatin da biyar baya. A gidan jaridar da na fara aiki, sau biyu ana kawo yaro sabon gama bautar ƙasa a ce in nuna masa yadda ake rubuta kan labari da yadda ake datse shi ya shiga gurbinsa, sa'an nan kafin shekara uku ta kewayo ya zama shi ke sa hannu a takardar hutuna. Ba ni da ƙulli da ko ɗaya daga cikinsu, domin ba su suka sassaƙa tsanin ba, ɗayansu ma har gobe muna zumunci.

Wannan kuwa ba a gidajen jarida kaɗai yake ba. Rigimar fifita mai digiri a kan mai babbar difloma ta daɗe a aikin gwamnati, inda akan tsayar da mai difloma a wani mataki komai ƙwazonsa, abokin aikinsa mai digiri ya wuce har kujerar darekta. A shekarar 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da shirin doka na kawar da wannan bambanci, amma har gwamnatin wancan lokaci ta sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. A cikin 2023 ɗin kuma Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta fito da shirin karatun shekara guda da zai mai da babbar difloma digiri ta hanyar jami'o'in ƙasashen waje, sai Hukumar Kula da Jami'o'i ta fito ta ce ba da yawunta ba. To idan mai babbar difloma yana cikin wannan hali, mai karatu ya kwatanta halin irinmu masu ƙaramar. Saboda haka komawa makaranta tilas ne a kanmu. Tambayata dai tana nan: da wane lokaci?

MAGABATA DA FITILAR ƘWAI

Idan ka yi wannan tambaya, nan da nan sai a jero maka sunayen magabata. Akwai Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke kan takardar Naira goma, da ya sami digirin Jami'ar Landan a 1928 yana malamin makaranta, ba tare da ya je Ingila ya zauna a aji ba. Akwai Cif Obafemi Awolowo, wanda ya taɓa aikin ɗaukar labari a jaridar Daily Times, ya yi ta fama da kasuwanci da bashi, amma duk da haka ya ci jarrabawar digirin ciniki na Jami'ar Landan a 1944 daga nan gida, kafin ya tafi Ingila karatun lauya. A cikin sana'armu akwai Alhaji Babatunde Jose, da ya shiga Daily Times a 1941 yana yaro mai koyon aiki a maɗaba'a, ya zama editanta a 1957, kana manajan darekta a 1962, bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, kuma abin mamaki shi ne ya buɗe wa masu digiri ƙofar ɗakin labarai. Alhaji Abubakar Imam kuwa malamin Midil ta Katsina ne da aka ɗauko ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo sa'ad da ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, a bakin aiki ya koyi aikin.

Hanyar da yawancin masu neman takarda a wancan zamani suka bi ita ce karatu ta gidan waya. Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga ɗaliban da ba su zauna a cikinta ba tun 1858, kana makarantu irin su Wolsey Hall ta Oksfod da Rapid Results College suka riƙa shirya mutane dominta da kuma jarrabawar GCE. Mutum ya aika kuɗinsa, a aiko masa darasi a cikin ambulan, ya karanta, ya amsa tambayoyin, ya kai gidan waya, sa'an nan ya zauna jiran makonni kafin takardarsa ta komo da jan biron malamin da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan reluwe da yawa ta haka suka haye, a gaban fitilar ƙwai, sauro na cizo.

Ban raina wahalarsu ba ko kaɗan. Amma akwai abu guda da suke da shi wanda masu jero sunayensu ba su cika ambatawa ba, watau lokacin tashi daga aiki. Akawun wancan zamani idan ya kulle dirowarsa ya hau kekensa, to shi da aiki sai gobe. In wani abu ya taso sai dai a tashi masinja ya je ya yi sallama a ƙofar gida, kuma ba a tashin masinja a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hatta ɗan jarida, da aka san shi da kwanan ofis, yana da iyaka: da zarar an ɗora shafi na ƙarshe inji ya fara juyawa, motocin da za su kai jarida Arewa da Gabas sun yi layi, to ko sama za ta faɗo ba abin da zai iya ƙarawa sai fitowa ta gaba. Dare ne na talaka, babu lantarki babu fanka, amma nasa ne.

Wannan iyaka ta fara rushewa a watan Agusta na 2001, sa'ad da wayar hannu ta GSM ta shigo ƙasar nan, ta kuma ƙarasa rushewa da zuwan wayoyi masu intanet da su WhatsApp. Yanzu kowace jarida tana da shafinta na intanet wanda ba ya barci, gasar da ake yi kuwa ita ce wa zai riga wani da minti biyar. Sanarwar da a da za ta kwana a kan tebur har safiya, yanzu ƙarfe ɗaya na dare ake turo ta, ƙarfe ɗaya da kwata a tambaye ka me ya hana ta hawa. Mai aiki a ɓangaren Hausa kayansa biyu ne, domin yawancin sanarwar gwamnati da jawaban manya da Turanci suke zuwa, sai ya fahimce su tukuna, kana ya nemo yadda zai faɗe su har dattijon da ake karanta wa jarida a zaure ya gane. Bayan wannan ana so ya ɗauko hoto, ya naɗo murya, ya yanka ɗan bidiyo, ayyukan da a da mutum huɗu ke yi. Kada kuma mai karatu ya ɗauka kukan 'yan jarida ne kaɗai. Ma'aikacin banki, da nas, da direban kamfani, da malamin makarantar kuɗi wanda iyayen yara suka sami lambarsa, kowa yana da wayar da ke bin sa har kan tabarmar salla.

LISSAFIN 'YAN AJI HUƊU

Bari mu yi ɗan lissafi. Mako yana da awa 168. Ni nakan yi kwana shida a ofis, kowace rana ba ta gaza awa 10, watau 60 ke nan. Daga Agege inda nake zaune zuwa wurin aiki da komowa, hanya takan ci awa 3 a rana idan gosulo bai yi tsanani ba, 18 ke nan a mako. Likitoci sun ce baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, 49 ke nan. An ci 127, saura 41. A cikin waɗannan za a yi salla da wanka da cin abinci, a je cefane, a duba littafin yara, a saurari uwargida, a je suna da jana'iza da dubiya, waɗanda Bahaushen da ke zaune a baƙon gari ba ya wasa da su don ya san tasa ranar tana tafe. In an dace a tsira da awa 10. Waɗannan goman su ne jarin ma'aikaci duka na karatu da hutu, kuma su ne waya ke yi wa ɗauki ɗai-ɗai, minti goma nan, ashirin can. Abin da ya rage wa mai son karatu sai ya ciro daga cikin 49 ɗin nan na barci. Abin da masu shawara ke nufi ke nan in sun ce a daure, ko da su ba su lura ba.

To barci kuwa in an ci bashinsa jiki ke biya. A watan Mayu na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum dubu 745 suka mutu ta dalilin shanyewar jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki, in an gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar jiki a gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100. Awa 60 ɗin da na lissafa a sama sun ƙetare wannan layi tun kafin a sa na hanya.

A ƙasar Japan an yi wata 'yar jarida mai suna Miwa Sado, wakiliyar gidan rediyo da talabijin na NHK, wadda zuciyarta ta tsaya a watan Yuli na 2013 tana da shekara 31, kwana uku bayan zaɓen majalisar dattawan ƙasar da ta yi aikin ɗaukar labarinsa. Da jami'an ƙwadago suka bincika sai suka tarar a cikin wata guda kafin rasuwarta ta yi awa 159 na aikin bayan lokaci, hutun kwana biyu rak ta samu. Sai a 2017 aka bayyana wa jama'a al'amarin. Mutanen Japan har suna da kalma ta musamman, karoshi, watau mutuwa ta dalilin yawan aiki. Mu nan idan irin wannan ta auku sai mu rubuta gajeruwar rashin lafiya, mu buga ta'aziyya a shafi na biyu, a raba aikin mamaci ga na raye. Ajali gaskiya ne, amma ba a hana mu tambayar sanadi ba.

Kafin a kai ga kushewa akwai wata irin gajiya da barcin dare guda ba ya wanke ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninta a cikin kundinta, ta ce ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba, hali ne da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ba da alamu uku, watau ƙarewar ƙarfi, da fitar aikin daga zuciya har mutum ya riƙa yi masa kallon raini, da raguwar ƙwazo. Ta tsakiyar ita na fi gani a ɗakin labarai. Sai ka ga mutumin kirki an miƙo masa labarin kwalekwale ya kife da jama'a, abin da zai fara tambaya shi ne layi nawa aka bar masa a shafin. Wanda bai san shi ba sai ya ce ba shi da imani, alhali kuwa bawan Allah ya ƙone ne daga ciki. Irin wannan mutum in ka ce ya ɗauki littafi ƙarfe goma sha biyun dare, idonsa ne kawai zai bi layi.

Dada kuma karatun da aka sato daga barci ba ya zama. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi gwaji a kan kansa ya nuna cewa abin da mutum ya haddace ya fi zubewa da sauri a cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a dunƙule a zama guda. Masu binciken ƙwaƙwalwa na bayansa suka ƙara da cewa barci yana taimakon abin da aka koya da rana ya kafu. Malamanmu na allo ba su jira Bajamushe ba. Ba a wanke wa yaro allo sai ya biya na jiya, ƙarin da ake yi masa ɗan kaɗan ne, kuma kullum sai an yi tilawa.

KARATU IRI BIYU

A ganina karatun ma'aikaci iri biyu ne, ko da yake ba a cika rarrabe su ba. Akwai na takarda, wanda ke buɗe ƙofar ƙarin girma, akwai kuma na sana'a, wanda ba mai ba ka satifiket a kansa. Na farkon cin lokaci yake yi. Na biyun, in an dace, biyan lokaci yake yi, saboda haka wanda ba shi da sarari da shi ya kamata ya fara.

Ga misali. Duk lokacin da Shugaban Ƙasa ya kai kasafin kuɗi gaban Majalisa, labarin yakan ci wa mai fassara yini guda, yana juya alƙaluma yana zufa. Na samo littafin lissafi na 'yan sakandare da wani na tattalin arziki daga masu baza tsofaffin littattafai a Yaba, na ɗauki wata huɗu ina ba su minti talatin bayan sallar asuba. A nan na zauna da lissafin kashi cikin ɗari har ya zama jiki, na rarrabe kuɗin gudanarwa da na manyan ayyuka, na san abin da ake nufi da giɓin kasafi da kuma kuɗin biyan bashi. Yanzu awa biyu sun ishi wannan labari, kuma in na miƙa shi nakan kwanta ba fargabar a kira ni a ce an ga biliyan a gurbin tiriliyan. Haka kuma Hausar kanta. Ina da wani littafin rubutu da nake tara duk kalmar da ta ba ni wuya, in bi ta a ƙamus na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, in kuma gwada ta a bakin dattawan Agege in ji ko ta zauna. Kalmar da aka sha wuyarta sau ɗaya aka rubuta, ba a sake shan wuyarta da tsakar dare. Yarbanci kuwa a bakin masu tireda da yaran danfo na koye shi kyauta, shi ya sa in gobara ta tashi a kasuwa ba na tsayawa jiran tafinta.

Wannan karatu na sana'a ya ƙara zama tilas tun da na'ura ta fara fassara. Kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun ƙarshen 2013, daga 2022 kuma aka sami manhajojin da ke rubuta labari sukutum. Wanda iyakar gwanintarsa juya Turanci zuwa Hausa kalma da kalma, kujerarsa tana rawa, ko yana da digiri ko babu. Na'ura dai ba ta shiga kasuwar Mile 12 ta zauna da dillalan tumatir har su saki jiki su gaya mata abin da ya sa kwando ya tashi.

Da ɗan lokacin da wannan ya tsirar mini ne na yi rajista a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, jikanyar karatun gidan waya. An kafa ta a 1983 zamanin Alhaji Shehu Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, sai gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Shi kansa Obasanjo a nan ya karɓi digirin dakta a 2018, kuma akan buga mana misali da shi cewa gemu ba ya hana ilmi. Gaskiya ne, sai dai tsohon shugaban ƙasa ba shi da editan da ke kiransa ƙarfe ɗaya na dare. Ni darussa kaɗan nake ɗauka a kowane zango, in Allah ya yarda zan gama ina dab da arba'in, kuma da saninta na zaɓi wannan tafiya ta sannu. Ranar da lokacin jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara jigila ta Agege a 2024, ya dace da nawa, nakan sami 'yan mintoci na karatu a ciki. A danfo ba a karatu, sai tsaron aljihu.

Duk wannan ba zai yiwu ba ba don wata yarjejeniya da muka ƙulla mu uku a teburinmu ba. Mun raba dararen mako: wanda ke da dare shi ke riƙe waya, sauran biyun su kashe tasu daga bayan isha'i har asuba. Editanmu ya yarda bisa sharaɗi guda, kada labari ya kwana. Shekara biyu ke nan labari bai kwana ba, ni kuwa dare huɗu ko biyar a mako ina samun lokacin tashi irin na akawun da.

TATTABARU

Daga cikin lokacin da na ƙwato akwai kashin da ba na ba karatu, a nan ne kuma muke saɓani da abokaina masu himma. Ina kiwon tattabaru. Turawa suna da kalma guda ta irin abin da mutum ke yi don sha'awa kawai. Mu ba mu da kalmar, amma muna da abin tun kaka da kakanni, daga dara a gindin bishiya har farauta da rani. Nawa ɗan ɗaki ne na katako da langalanga a bayan gidan da nake haya, wanda mai gidan ya yarda da shi bayan doguwar magana da alkawarin 'yan shila biyu duk salla. Da aure biyu na fara, yanzu sun kai aure goma sha ɗaya, ban da waɗanda shaho da muzurun maƙwabta suka yi rabo da su.

Wanda bai yi kiwonsu ba ba zai san yawan abin kallon da ke cikinsu ba. Tattabara ƙwai biyu take yi, a kwanta a kansu kamar kwana 18, kwancin kuwa rabawa suke yi: namijin ya karɓa da hantsi ya riƙe har la'asar, macen ta kama daga nan har gari ya waye. Ban taɓa ganin wanda ya sauka ya komo yana leƙen ko ɗayan yana yi daidai ba. Idan an ƙyanƙyashe, uwa da uba duka suna fitar da wani abu mai kauri kamar kindirmo daga maƙoshinsu su ɗura wa 'ya'yan, kafin su fara haɗa musu da tsaba. Cikin kamar wata guda ɗan shila ya yi gashi ya fara gwada fiffike. Abincinsu gero da dawa, ruwansu kuma a jefa 'yar kanwa, kamar yadda na ga ana yi a gidanmu tun ina yaro. Abokan aiki masu yi mini ba'a nakan tuna musu cewa tattabara tana bin sana'ar tamu bashi. A 1850, sa'ad da wayar tangaraho ba ta haɗe tsakanin Aachen ta Jamus da birnin Burasal ba, da tattabaru Paul Julius Reuter ya riƙa aika farashin hannun jari, suna riga jirgin ƙasa isa. Shekara ta gaba ya koma Landan ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, wanda har yau muke fassara labaransa.

Abin da na fi ji a bakin mutane shi ne in mai da kiwon sana'a, tun da masu gashi da masu farfesu suna neman 'yan shila. Na ƙi. Ranar da na buɗe littafin shiga da fita a kan tattabarun nan, to na yi wa kaina sabon edita. Minti ashirin da nake tsayawa ina watsa musu tsaba shi ne kaɗai lokacin da ba wanda ke auna ni, babu maki babu wa'adi. Na lura kan labarin da ya ƙi zuwa a gaban kwamfuta sau da yawa a nan yake faɗowa, amma ko bai faɗo ba ban yi asara ba. Ban ce kowa ya yi yadda na yi ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa Naira dubu 70 ne. Wanda ke kan wannan albashi in ya sayar da 'yan shilarsa ya sayi man girki, ba ni da bakin yi masa wa'azi. Ni ma mudun geron da nake watsawa uwargida tana ƙirga shi.

Sa'an nan lissafin da na yi a sama lissafin namiji ne. Ɗaya daga cikinmu mu ukun da muka raba dare mace ce mai 'ya'ya biyu, kuma daren da ta kashe wayarta tukunya ke jiranta, da wanki, da aikin makarantar yara. Awa 41 ɗin da suka rage mini, ita kafin ta zauna sun ƙare. Duk da haka ta riga ni shiga jami'ar, tana karatunta tsakanin ƙarfe huɗu da kiran assalatu. Da na tambaye ta abin da take yi don nishaɗi, dariya ta yi ta ce barci.

Yarjejeniya irin tamu ta fatar baki ce, ranar da aka sauya edita ko aka ɗauke ɗayanmu ta rushe. Waɗansu ƙasashe sun mai da abin doka. Daga ran 1 ga watan Janairu na 2017 Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da mutum ke da ikon rabuwa da waya. A 2024 Ostareliya ta ba ma'aikaci ikon ƙin amsa kiran aiki bayan tashi, muddin ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba. Dokar ƙwadago tamu kuwa an tsara ta tun shekarun 1970, lokacin da waya ke ɗaure a kan teburin ofis. Ta bar batun awannin aiki ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki ko ƙungiyarsu, hutun shekara da ta wajabta kuma kwana shida ne na aiki.

Tun da doka ta miƙa abin ga yarjejeniya, to magana ta koma hannun ƙungiyoyi. Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wadda aka kafa a nan Ikko a 1955, tana da rassa a gidajen jarida da rediyo ko'ina cikin ƙasar nan. Ina kira ga rassan nan, idan sun zauna da hukumomin gidajensu a kan albashi, su ɗora abu biyu a kan tebur: jadawalin aikin dare rubutacce, wanda za a liƙa a bango kowa ya san darensa, da kuma hutun jarrabawa na kwanaki sanannu ga duk wanda ya kawo shaidar rajista. Ba ɗayansu da zai ci wa mai jarida kuɗin a zo a gani. Ya kamata kuma a gama maganar kafin kakar zaɓen 2027 ta yi zafi, domin da zarar yawon kamfe ya kankama ba editan da zai saurari batun jadawali sai bayan an rantsar da gwamnati.